Falon Gaba a Lamba Sha Tara

"Ɗaga ta wajenka! Ka ɗaga mana!"

"In ɗaga shi ina? Silin ne a kaina!"

Rabin gadon asibiti ya maƙale a kwanar matakala, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, dukansu sun yi sharkaf da gumi duk da sanyin Nuwamba. Glenda Tordoff tana tsaye a ɗan lungun shiga gida, riƙe da ledar magunguna, tana kallon ikon Allah. Minti arba'in ke nan ana wannan dambe, gado bai hau ba, bai kuma sauko ba.

Daga ɗakin sama muryar mai gidan ta faɗo musu.

"Na ji ƙarfe ya taɓa katako!"

"Babu abin da ya taɓa, Mista Pickersgill!" in ji Glenda.

"Da kunnena na ji, Misis Tordoff. A hanta ciwona yake, ba a kunne ba."

Na ƙasan cikin ma'aikatan, wani ƙato mai zane a damtse, ya sauke nasa gefen a hankali, ya share goshi. Ya nuna ginshiƙin katakon da ke tsaye a daidai kwanar, wanda makarin matakala ya kama.

"Madam, hanya biyu ce. Ko a cire wannan gungumen, ko mu haɗa gadon a falon nan na gaba. Ga ɗaki nan a ƙasa, ƙofa a gefe. Kowa haka yake yi."

"Kowa, ban da shi," in ji Glenda.

"To mu dai muna da gida shida a gaba. Idan gadon ya hau sama, ta kowace hanya ya hau, ku kira mu mu zo mu haɗa. Yadda ya hau ba ruwanmu."

Suka jingine gadon rabi biyu a jikin bango, bisa tayil ɗin nan baƙi da ja da Mista Pickersgill ba ya bari a taka da takalmi mai laka, suka ja ƙofa suka tafi abinsu.

Wilfred Pickersgill shekararsa tamanin da takwas, kuma a ɗakin da yake kwance aka haife shi. Likita ya ce saura mako biyu, in an yi sa'a uku. Shi bai yi gardama da likita ba, abu ɗaya ya nema, a bar shi ya cika a gidansa. Moira, nas ɗin da ke zuwa duba shi kullum, ta amince amma da sharaɗi. Tsohon gadonsa na ƙarfe ya lotsa a tsakiya, ba ta iya juya shi a kai, bayansa har ya fara saɓewa. In ranar Juma'a ta zo ba ta tarar da shi a gadon da ke ɗagawa ba, za ta kira mota a kai shi gidan jinya, ko ya so ko ya ƙi. Ranar kuwa Laraba ce.

Abin haushin shi ne Glenda ba 'yarsa ba ce, ba 'yar ɗan'uwansa ba, ba ma za a ce shiri suke yi ba. Maƙwabciyarsa ce ta lamba ashirin da ɗaya, shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ya raba su. A cikin shekarun nan sau uku yana kai ƙararta ofishin kula da tsofaffin gine-gine: da ta sa tagogin roba, da ta kafa faifan talabijin, da ta yi wa ƙofarta fenti ruwan ɗorawa. Kullum kuma in sun haɗu sai ya ɗaga mata hula kamar ba shi ba. Amma matarsa Enid ta rasu shekara sha biyu da suka wuce, ba su haihu ba, dangin da ya rage masa wata mata ce a Kanada mai aiko da furanni. To wa zai kai masa miya? Glenda ta yi shekara ashirin da shida tana dafa wa 'yan makaranta abinci, ba ta iya jin mutum yana tari ta bayan bango ta ci gaba da cin nata ba.

Ta hau sama tana huci. Ya yi mitsitsi a tsakiyar gadon, amma gashin bakinsa a taje yake, rigar barcinsa an ɓalle ta har wuya.

"Sun tafi," ta ce. "Ka ji daɗi?"

"Sun kankare mini katako?"

"Mista Pickersgill, ka saurare ni. Falon gaba ya fi nan faɗi. Babu hawa, babu sauka. Ni ma gwiwoyina su huta. Mene ne aibunsa?"

"Ba zan shiga ba."

"Don me?"

"Kin san don me."

Ta sani, duk layin ma an sani. A gidajen nan da aka gina zamanin Sarauniya Victoria, falon gaba ba wurin zama ba ne. A da ana buɗe shi ranar Kirsimeti, ko in limamin coci ya zo, ko in an yi mutuwa. Sauran gidajen layin tuni aka fasa bangon aka haɗe shi da kicin, aka zuba kujerun roba da keken motsa jiki. A lamba sha tara kuwa ƙofar a rufe take. Glenda ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba.

"Kakana a can aka shimfiɗe shi," in ji tsohon. "Da ubana. Da uwata. Da Enid. Mutanen gidan nan sau ɗaya suke kwanciya a falon gaba, kuma ba su da labarin sun kwanta. So kike in je in shimfiɗe a wurin da idona biyu, ina kallon silin, ina jira? In kin gaji da ni ki faɗa."

"Na gaji da kai tun kafin a haifi jikata!"

"Madalla. Akwai sauran shayi?"

Ta sauka kicin ta ɗora buta, ta kira ofishin nan da ya saba kai ƙararta. Wata yarinya mai murya kamar zuma ta duba rajista, ta ce lallai lamba sha tara gida ne mai kariya, an gina shi a shekarar 1884, matakalarsa ma an ambace ta daban. Za a iya neman izinin cire ginshiƙin na ɗan lokaci. Akwai fom.

"Kwana nawa ake yi?"

"Mako takwas, Madam."

"Mako biyu ya rage wa mutumin a duniya."

"Ayya, sannu. In aiko miki da fom ɗin?"

Glenda ta kife wayar. Wa ya sa aka saka gidan a rajistar tun farko? Shi ne. Shekara huɗu ya yi yana rubuta wasiƙu har suka gaji suka saka. Ya ɗaure kansa da kansa, ya bar ta da kwancewa.

Washegari da safe ta shigo da zarton marigayi mijinta a cikin jakar cefane. Ta yanke shawara, in ya so bayan an gama a kai ta kotu. Ta hau zuwa kwanar, ta dafa kan ginshiƙin don ta auna inda za ta fara. Katakon mahogani ne, wanda attajirin da ya gina gidan ya zaɓo da kansa a tashar katako, labarin da ta ji ya fi sau ɗari. Abin da ba ta taɓa lura da shi ba shi ne gefe ɗaya na kan ginshiƙin ya lotsa, ya yi santsi daidai tafin hannu, don shekara ɗari da arba'in duk mai hawa nan yake dafawa. Ta tsaya da zarto a hannu, ranta ya ƙara ɓaci, don ta ga ba za ta iya ba.

"Misis Tordoff," aka ce daga sama. "Matakala ta bakwai kike tsaye, ita ce mai ƙara. Me kika tsaya yi?"

Ta shiga ɗakin da zarton, ko ɓoye shi ba ta yi ba. Ya dubi zarton, ya dube ta.

"Wannan na Dennis ne. Ko reshe ba ya yankawa."

"Gobe Juma'a," ta ce. "Gobe za su zo su naɗe ka a bargo su fita da kai, ka mutu a ɗakin da ba ka san kowa ba, da talabijin a kunne. Kai ka ce ba ka so. Falo ka ƙi. Katako ka ƙi. Ni ya kake so in yi? In ɗauki gadon a ka in tashi sama?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna kabad ɗin kayan da ya cinye bango guda, wani dodo mai ƙofa uku da madubi.

"Ta ina kike tsammani wancan ya shigo?"

Glenda ta dubi kabad ɗin. Ko a mafarki ba zai bi ta kwanar matakala ba.

"Ta taga," in ji shi. "Mutanen da suka gina gidan nan ba wawaye ba ne. Tagar fita take yi gaba ɗaya. Minti ashirin."

"Tun jiya ka san wannan?"

"Tun ina ɗan shekara shida."

"Kuma ka yi shiru mutane suna neman karya ƙugu?"

"Wa ya tambaye ni? Wata biyu ke nan duk wanda ya shigo ɗakin nan sai dai ya gaya mini abin da za a yi da ni."

Haushinta ya ƙaru, don gaskiya ya faɗa.

Mutum ɗaya ta sani mai dogon tsani da igiya wanda zai zo in ta kira, ƙanenta Clive. Shi ne kuma ya sa wa rabin layin tagogin roba kafin a hana, har da nata. Da rana ya iso da abokin aikinsa Barry, ya hau sama yana murmushi har kunne.

"Mista Pickersgill! Ashe da rabon ka neme ni. In auna maka sababbi? Ba iska, ba ƙara, ba fenti."

"Ka goge ƙafarka, Clive. Ka kuma ajiye wannan ƙarfen. Ba shago za ka fasa ba."

Clive ya ajiye ƙarfen ɓalle ƙusa da ya zo da shi. Tsohon ya sa Glenda ta tokare shi da matasai uku, ta lulluɓe shi da bargo biyu, ta sa masa hular ulu. Daga nan ya fara ba da umarni kamar kyaftin a jirgi.

"Ka ga siririn katakon da ya bi gefen tagar? Shi ke riƙe ta. Sukurori ne, ba ƙusa ba. Na tagulla, guda biyar kowane gefe."

"Ai fenti ya cinye su tuntuni."

"Duba dai."

Clive ya duba. Ya sa sukudireba, sukurun ya juya kamar jiya aka ɗaura shi. Ya cire na biyu, ya cire na uku, murmushin ya ragu.

"Me kake shafa musu?"

"Kakin kyandir. Kowace bazara. Sa su a kofin nan, kada ɗaya ya ɓata. Yanzu jawo tagar ƙasa zuwa gare ka. A hankali! Akwai igiya kowane gefe, kowace igiya da dalma mai nauyi a cikin bango. In ka saki, dalmar ta faɗa ciki, sai an fasa kafin a ciro ta. Ƙulla bakin igiyar tukuna."

"Wane irin ƙulli?"

"Shekara talatin kana aikin taga ba ka san ƙulli ba? Misis Tordoff, miƙo mini igiyar labule in nuna wa ƙanenki."

Da hannunsa ya ƙulla, ya kwance, ya sake ƙullawa. Clive, mai jikoki biyu, ya tsaya a bakin gado yana koyo, kunnuwansa sun yi ja. Glenda ta ji wani ɗan daɗi a ranta, amma ba ta nuna ba.

Ba minti ashirin aka yi ba, an kusa awa, amma tagar ta fita, sama da ƙasa, aka jingine su a bango. Iska ta shigo ɗakin da warin ruwan sama da hayaƙin mota. Barry ya hau kan ɗan rufin da ke saman tagar falo, Clive yana jan rabin gadon da igiya daga ciki, Glenda a kan titi tana riƙe da tsani tana yi wa kowa tsawa. Sababbin maƙwabta, masu aiki a kwamfuta daga gida, suka fito suna ɗaukar hoto da waya, babu wanda ya ce a kawo ya taimaka. Sai yayyafi ya sauko.

"Kada ya goga dutsen taga!" muryar tsohon ta fito har titi.

"Ka yi mana shiru, Wilfred!" Glenda ta daka masa tsawa daga ƙasa. Sai da ta faɗa ta ji ashe sunansa ta kira, abin da ba ta taɓa yi ba.

Rabin farko ya shiga, na biyu ya bi. Da ta hau ta tarar da shi yana leƙen titi ta ramin da babu gilashi, ɗigon ruwa a kan bargonsa.

"Rabon da in ga layin nan haka tun daren da bom ya zubar mana da gilasai," ya ce. "Clive, sukurun da ke hannunka na hagu ne. Kada ka sa shi a dama."

Ranar Juma'a da safe ƙaton nan da abokinsa suka dawo suka haɗa gado. Moira ta iso ƙarfe goma, ta dubi gado, ta dubi matakala, ta dubi Glenda, ta ce ba ta son sanin komai.

Kwana tara ya yi a kan gadon, kuma babu ranar da bai kushe shi ba. Injinsa yana kuka, katifarsa tana warin roba, an ja waya ta kan darduma. Glenda ta ci gaba da hawa da sauka, da miyar kaza da ba ya sha, da shayin da kullum ko madara ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ya ci gaba da ce mata Misis Tordoff, ita kuma ta koma ce masa Mista Pickersgill. Kwana biyun ƙarshe maganar ta ragu, sai dai in ta hau ya ɗaga yatsu ya nuna mata ya ji matakala ta bakwai. Ranar Lahadi da rana, tana wanke kofinsa a ƙasa, Moira ta leƙo daga saman bene ta ce ta hau. Kafin ta kai kwanar rai ya yi halinsa.

Ta zauna a bakin gadon ta yi kuka, kukan da ita kanta ya ba ta mamaki, tana yi tana jin haushin kanta.

Masu ɗaukar gawa su biyu ne, cikin baƙaƙen kwat, da siririyar makara mai ɗamara. Glenda ta tare su a ƙofa ta yi musu dogon bayani kan kwanar, da ginshiƙin, da yadda ake cire taga in ta kama. Suka saurare ta da ladabi. Suka hau, suka sauko, suka karya kwanar ko gezau, ko rigarsu ba ta shafi katakon ba.

"Babu nauyi a jikinsa, Madam," in ji babban cikinsu, wani mai furfura.

Suka nufi ƙofar waje. Glenda ta sha gabansu.

"Ba nan ba. Falo tukuna."

"Madam, yanzu wurinmu ake kai su. Muna da ɗaki mai kyau, kina iya zuwa gobe."

"Mutanen gidan nan a falon gaba suke kwanciya. Mako biyu na yi ina faɗa da shi a kan ɗakin nan, ba za ku wuce da shi ta bakin ƙofarsa ba."

Mai furfurar ya dubi agogo, ya dubi fuskarta, ya ga ba wurin ciniki ba ne.

"Zuwa ƙarfe biyar," ya ce.

Makullin yana jikin ƙofar. Ta murɗa, ta tura. Sanyi da ƙamshin man goge katako suka tarye ta. An riga an ja labule. A tsakiyar ɗakin an kafa ƙafafun katako guda biyu na ɗora gawa, an shimfiɗa farin ƙyalle a kai, ƙura ta ɗan hau shi. Tun watan Satumba rabon tsohon da sauka ƙasa, ashe kafin ƙafa ta ƙi shi ya shigo ya shirya komai. Suka ɗora shi a kai, suka gyara masa mayafi, suka fita suka ja ƙofa.

Sai a lokacin ta duba sauran ɗakin. Kujerun zaman makoki suna jere a jikin bango, guda sha ɗaya, duk an lulluɓe su da zannuwan gado. Guda ɗaya tak aka yaye, aka jawo ta kusa da inda kansa zai kasance. An sa mata matashi, a gabanta kuma an ajiye ɗan ƙaramin benci na ɗora ƙafa. Glenda gajeriya ce, ƙafarta ba ta kaiwa ƙasa a irin waɗannan kujeru masu tsawo.

"Ji mini mutum," ta ce. "Ko tambayata bai yi ba."

Ta ja tsaki. Ta cire takalmanta ta jera su a bakin ƙofa, ta gyara matashin, ta zauna. Ta ɗora ƙafafunta a kan bencin, ya yi mata daidai. A waje yayyafi ya ci gaba da sauka a kan gilashi.